Ƙwaya, allura ko ƙarin ruwa: wanne ya dace da mai ciwon suga da aka ba gado a asibiti?

Da zarar an kwantar da mai ciwon suga, gardamar farko tsakanin 'yan uwansa da ma'aikatan ɗaki a kan magani take tashi. Mutum ya shekara goma yana shan Metformin ɗinsa safe da dare lafiya lau, sai gyambon ƙafa ko ciwon huhu ya kawo shi asibiti, likita ya ce a ajiye ƙwayoyin a koma allurar insulin. Nan take wata daga cikin 'ya'ya za ta ja nas gefe: "Anti nas, don Allah kada a fara wa Baba allurar nan, an ce in aka fara ba a dainawa." A nan Kumasi, ko Gee aka kai mara lafiya, wato asibitin Komfo Anokye, ko na Manhyia, ko na Tafo, mutanenmu na Aboabo da Asawase da Sawaba da wannan fargabar suke shiga. Likita ne ke rubuta magani, wannan ba gardama. Amma mai jinya ne ke sayo shi, shi ke kawo abinci, shi ke kwana a gefen gado, don haka in bai san bambancin hanyoyin ba, yana iya ɓata wadda aka zaɓa da hannunsa ba tare da ya sani ba.

Sai an fara sanin inda ake son suga ya tsaya. A Gana da mmol/L ake awo, shi ya sa za ka ji nas ta ce 6.5 ko 14. Mashin ɗin da 'yan uwa kan aiko daga Amurka da mg/dL yake ƙidaya, sai ya nuna 120 ko 250. A raba lambar da 18 a samu irin tamu. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka, ADA, ta shimfiɗa cewa a fara insulin in suga ya kai 10 ya ƙi sauka, kuma ga masu tsananin ciwo a riƙe shi tsakanin 7.8 da 10. Ga waɗanda ke ɗakin kwanciya na yau da kullum ana karɓar daga 5.6 zuwa 10. Ƙasa da 3.9 ya faɗi ke nan, ƙasa da 3 kuwa haɗari ne na gaggawa.

Masu jinya da yawa ba sa jin daɗi in sun ga 9 an ce musu ba komai. Suna so su ga 5, kamar na mai lafiya. An gwada hakan kuwa. A 2009 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna NICE-SUGAR da aka yi a kan mutum 6,104 a ɗakunan kulawa ta musamman, galibi a Ostireliya da New Zealand da Kanada. An matse sugan rabinsu tsakanin 4.5 da 6, an bar na sauran ƙasa da 10. Bayan kwana 90, kashi 27.5 cikin ɗari na waɗanda aka matse sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 24.9. Mummunar faɗuwar suga ta sami kashi 6.8 na rukunin farko, rabin kashi ɗaya kacal a na biyu. Tun daga nan aka daina tseren neman lamba mai kyawun gani a asibiti. Suga mai ɗan yawa yana jinkirta warkewar ciwo cikin kwanaki; wanda ya faɗi ƙasa warwas yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya a dare guda.

To, ƙwayoyin gida fa? Hujjar mai son a ci gaba da su ba ta banza ba ce. Suna da araha, jiki ya saba da su, kuma ba a huda fata. Matsalar ita ce jikin da ke kan gadon asibiti ba shi ne na gida ba. Ciwo mai tsanani da kansa yana sa jiki ya saki sinadaran da ke tura suga sama. Ƙoda kan yi rauni na ɗan lokaci. Ci yana raguwa, ko a hana mutum abinci gaba ɗaya saboda tiyata. Ƙwaya kuwa ba a juya ta cikin awa biyu. Abin da aka haɗiye an haɗiye.

Metformin ba ya faɗar da suga shi kaɗai, wannan ne alherinsa. Ana ajiye shi in ƙoda ta yi rauni sosai, in cuta ta shiga jini, in mutum na fama da ƙarancin iska ko ruwan jikinsa ya ƙone da amai da gudawa, saboda a irin wannan hali yana iya sa tsami ya taru a jini. Haka ranar tiyata, da lokacin da za a yi hoton sikan da ake zuba ruwan rini a jijiya ga mai raunin ƙoda. Wanda ya zo da ƙaramin abu, yana cin abincinsa, ƙodarsa lafiya, sau da yawa ba dalilin raba shi da Metformin, kuma ba laifi mai jinya ya tambayi likita ko za a bar shi a kai.

Glibenclamide, wanda tsofaffinmu suka fi sani da Daonil, shi ne wanda nake tsoro. Da shi da 'yan uwansa gliclazide da glimepiride aikinsu tilasta wa jiki ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tsohon da ya sha Daonil da safe ya kasa cin komai, ƙodarsa kuma ba ta tace maganin da wuri, sugansa na iya faɗuwa, a ɗaga shi da ruwan gulukos, ya sake faɗuwa, har fiye da kwana guda ana wannan fama. Abin da ya fi muni shi ne a ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin matashi ana ba mara lafiya a asirce alhali nas na yi masa allura. Magani biyu ke nan a jiki guda, kuma ɗaya ba ya cikin takarda. Wannan gargaɗin ya shafi jiƙon shuwaka da ɗoɗɗoya da sauran na gargajiya da ake shigowa da su a gora: a faɗa wa likita, ko da zai ɓata fuska. Masu shan sababbin ƙwayoyi irin su Forxiga da Jardiance su kuma su sani ana tsayar da su kwana uku kafin tiyata, domin suna iya jawo tsamin jini ko da awon suga bai nuna tashin hankali ba.

In an koma insulin, hanya ba ɗaya ba ce, kuma nan ne ainihin zaɓin yake.

Wadda aka fi gani a ɗakunanmu ita ce ta bin awo, da ma'aikata ke kira silaidin sikel. A huda yatsa, a duba lamba, a duba jadawalin da likita ya rubuta: in suga ya kai kaza a ba da yunit kaza na Actrapid, wani insulin mai gajeren aiki, in bai kai ba a bar shi. Tana da sauƙi, ba ta bukatar dogon lissafi, kuma nas ɗaya mai gado ashirin tana iya tafiyar da ita. Aibinta shi ne ihu bayan hari ce. Ba ta yin komai sai suga ya riga ya hau. A ga 18 da rana a yi allura mai yawa, da yamma a ga 7 a ce ba sai an yi ba, cikin dare insulin ɗin ya ƙare a jiki, da asuba a sake ganin 17. Takardar awon mara lafiya sai ta zama hawa da gangara, ana kwana ana tashi ba a ci gaba ba.

Ɗaya hanyar tana kwaikwayon yadda jikin mai lafiya ke yi. Akwai insulin na tushe mai dogon aiki, wanda ke riƙe suga dare da rana ko ba a ci komai ba, domin hanta ba ta daina zuba suga a jini don mutum na barci. Sai kuma insulin na abinci mai saurin aiki kafin kowane ci, a ɗora ɗan gyara a kai in awo ya nuna ya hau. Likita kan lissafa da nauyin jiki, kusan yunit 0.4 zuwa 0.5 a kowane kilo a yini, rabi na tushe, rabi a raba wa abinci uku. Mai kilo 70 ke nan zai tashi da yunit 28 zuwa 35. Ga tsoho ko mai ciwon ƙoda ana saukowa zuwa 0.2 ko 0.3. Na kawo lissafin ne don mai jinya ya gane abin da ke rubuce a takarda, ba don wani ya yanka wa babansa allura da kansa ba.

An gwada hanyoyin biyu kai da kai a Amurka. A binciken RABBIT 2 na 2007, cikin mutum 130 masu ciwon suga nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, kashi 66 na masu tushe da abinci sun kai matakin da ake nema, na masu bin awo kashi 38. A 2011 aka maimaita a kan mutum 211 da aka yi wa tiyata. Matsalolin bayan aiki, irin su ruɓewar ɗinki da ciwon huhu da raunin ƙoda, sun sami kashi 24.3 na masu bin awo, kashi 8.6 na ɗaya rukunin. Sai dai akwai farashi: faɗuwar suga ƙasa da 3.9 ta sami kashi 23 na masu tushe da abinci, kusan kashi 5 kawai a masu bin awo. Wannan lambar ta ƙarshe ba a cika faɗinta ba, alhali a wurinmu ita ce ke da muhimmanci, domin tsarin an gina shi ne a kan cewa abinci zai zo a kan lokaci.

A asibitocin Amurka da aka yi binciken tire na zuwa daga kicin a ƙayyadadden lokaci. A nan kular abinci daga gida take fitowa. Ka ɗauki tsohuwa da aka yi wa Actrapid ƙarfe shida da rabi na safe, bisa cewa koko da ƙosai na kan hanya. 'Yarta na cikin torotoro daga Sawaba, cunkoson Kejetia ya riƙe ta. Actrapid yana fara aiki bayan minti 30, ya kai ƙarfinsa cikin awa biyu zuwa huɗu, ba ruwansa da cunkoso. Wajen ƙarfe takwas da rabi zufa ta jiƙa ɗankwalin tsohuwa, hannunta na rawa, tana kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ƙanwarta da ke jinya ta dafa mata kai tana tofa addu'a, tana cewa "Yaya, ki yi salati," a zatonta iska ce ko ajali. A huda yatsa a ga 2.8. Addu'a na da wurinta, amma a wannan lokacin abin da ake bukata cikin gaggawa sukari ne: ƙwaya uku ko huɗu na sukarin shayi a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, a sake awo bayan minti 15, a kira nas tun daga farko. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, gulukos ta jijiya za a ba ta.

Saboda haka ƙa'idar da nake ba kowane mai jinya ita ce: kada a yi allurar abinci sai abincin na kan loka, an buɗe shi, mara lafiya kuma ya ce zai ci. Faɗa wa nas "Anti, abincin bai iso ba tukuna" ba rashin kunya ba ne. Ga wanda cinsa ba tabbas, yau ya ci loma uku gobe ya cinye kwano, akwai hanya ta tsakiya: insulin na tushe kaɗai tare da gyara in awo ya hau, ba allurar abinci. An gwada wannan ma a 2013 aka ga yana riƙe suga kusan daidai da cikakken tsarin ga masu nau'i na 2 da ba su da tsananin hawa. Ga tsofaffinmu da ciwo ya ɗauke wa ci, a ganina wannan ce ta fi dacewa sau da yawa.

Ɗaya gefen kular ma yana da nasa. Masu dubiya ba sa zuwa hannu rabbana: Malta, Lucozade, Milo da madara, burodi mai sukari, sobolo, fura. Duk ana cewa don ya samu ƙarfi. Sai likita ya zo zagaye ya ga 20, ya ƙara insulin, washegari ba a kawo Malta ba, suga ya faɗi. Ba a hana mara lafiya tuwon zafi da miyar ayoyo ko wake da shinkafa ba. Abin da ake so shi ne yawan abincin da lokacinsa su yi kama da na jiya, abin sha mai zaƙi kuma a ajiye shi don ranar da suga ya faɗi.

Tambaya ta gaba ta aljihu ce: insulin na da, ko na zamani? Na da su ne Actrapid, wanda yake garau kamar ruwa, da Insulatard mai fari-fari da sai an murza kwalbar a tafin hannu kafin a zuƙa. Irin waɗannan suna cikin jerin magungunan inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS. Na zamani su ne Lantus, mai aiki kusan awa 24 ba tare da wani lokacin da yake yin ƙarfi fiye da kima ba, da NovoRapid ko Apidra da ke fara aiki cikin kusan minti 15. Sun fi tsada nesa ba kusa ba. Wani bincike na 2009 a asibitocin Amurka da ya gwada na da da na zamani bai ga bambanci a riƙe suga ba. Fifikon na zamani a wuri biyu yake. Insulatard yana kai ƙarfinsa awa 4 zuwa 12 bayan allura, don haka na yamma yana iya faɗar da suga tsakar dare lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Lantus bai cika yin haka ba. Na biyu, mai saurin aikin ana iya yin sa daidai lokacin da aka fara ci, ko ma nan da nan bayan an gama an ga yawan abin da ya shiga ciki. In kuɗi ya isa abu ɗaya ne kawai, ni dai zan ce a sayi sitirip, 'yan takardun da ake ɗiga jini a kai, kafin a sayi Lantus. Insulin mai tsada ba awo ya fi na araha da awo haɗari. Mai cin abinci ana auna shi kafin kowane ci da lokacin barci, wanda ba ya ci kuma duk awa huɗu zuwa shida.

Mixtard, wanda da yawa cikin masu allura a Zango suke amfani da shi a gida, haɗi ne: kashi 30 mai sauri, kashi 70 mai jinkiri, a kwalba ɗaya, sau biyu a yini. A gida yana da daɗin sha'ani. A gadon asibiti ba a iya raba shi. In mutum bai ci ba, ba yadda za a ba shi na tushen a hana shi na abincin. Wani bincike a Sifaniya a 2015 sai da aka dakatar da shi kafin lokaci, domin kashi 64 na masu haɗaɗɗen insulin sun sami faɗuwar suga, a kan kashi 24 na masu tushe da abinci. Wanda ya warware, yana ci sau uku ba fashi, ana shirin sallamarsa, ana iya mayar da shi kan Mixtard ɗinsa. A kwanakin farko na zafin ciwo kuwa ba shi ne zaɓi ba.

Insulin ta ƙarin ruwa ba ta cikin abin da mai jinya zai yi wa ciniki. Ta masu tsamin jini ce, abin da likitoci ke kira DKA, da waɗanda sugansu ya hau har ya ƙona ruwan jikinsu suka fita hayyacinsu, da masu ɗakin kulawa ta musamman da manyan tiyata. Ana awo duk awa ɗaya ko biyu, ana bin gishirin fotasiyam a jini saboda insulin na saukar da shi. Abu ɗaya da ya kamata a sa wa ido: insulin ta jijiya tana ƙarewa cikin mintuna, shi ya sa ake yin allurar tushe kamar awa biyu kafin a cire ta. Mai nau'i na 1 kuwa, galibi yara da matasa, ba a taɓa barinsa babu insulin na tushe, ko an hana shi abinci, kuma bin awo kaɗai ba ya isarsa ko kaɗan.

Wasu magungunan na canza lissafin gaba ɗaya. Prednisolone da aka sha da safe yana tura suga sama daga azahar zuwa dare, da asuba a ga kamar komai lafiya, shi ya sa awon safe kaɗai ke ruɗarwa. A nan Insulatard na safe yana dacewa da shi sosai, kuma ranar da aka rage maganin sai a rage allurar. Kwinin da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani su kuma ƙasa suke ja.

In aka tambaye ni a taƙaice wa ya dace da me, ba zan ce bin awo ba shi da amfani ba. Wanda sugansa ke yawo ƙasa da 10, bai taɓa allura a gida ba, kwana biyu zai yi, ya ishe shi. Amma in an yi yini biyu ana ganin 14 da 16 kuma ba abin da ake yi sai Actrapid bayan awo, lokacin tambaya ya yi, cikin ladabi: "Dokta, ba za a sa mata na tushe ba?"

Maganar in an fara allura ba a dainawa kuwa, gwajin HbA1c ne ke raba gardama. Yana nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ya kamata a yi wa duk wanda aka kwantar in bai yi ba cikin wata ukun. In ya fito kusa da 7, alama ce ƙwayoyin gida suna aiki, ciwon da ya kawo mutum ne ya tayar da suga, kuma da zarar ya warke ana iya mayar da shi kansu. In ya haura 9 ko 10, to tun kafin asibiti ƙwayar ta gaza. Sai dai gwajin na iya ruɗarwa ga mai sikila ko jinin C, wani nau'in jini na gado dangin sikila, waɗanda ba baƙi ba ne a Gana, da mai ƙarancin jini da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, don haka a faɗa wa likita in akwai ɗaya daga ciki. Ranar sallama kada a fita sai an rubuta a takarda wace ƙwaya za a koma sha, wacce aka soke, ƙarfe nawa aka yi allurar ƙarshe, da ranar komawa asibiti. Wanda zai tafi da insulin ya ajiye kwalbar da ba a buɗe ba a firji, ba a wurin ƙanƙara ba, ya kuma nuna wa nas sirinjin da ya saya ta tabbatar lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta kwalbar.